Doki, Gyaɗa da Kwalta: Inda Direbobin Ƙasarmu Suka Koyi Riƙon Mota

A ƙasashen Turai akwai wani irin darasin tuƙi da ake bayarwa a filin tseren motoci, nesa da titin gari. Sai a jiƙa kwalta da ruwa, a ce da ɗalibi ya taho a guje ya taka birki, don ya ji da jikinshi yadda mota take ƙwacewa a wurin da babu jaki, babu yaro, babu iccen da zai daka. A ƙasar Finland, inda ƙanƙara take rufe hanya wata da watanni, an daɗe ana sa mai neman permi ya yi irin wannan gwaji a kan santsi. Abin da ake koya a can ba shi da yawa. A rage gudu tun kafin a shiga kwana. A kai ido inda ake son zuwa, a ɗauke shi daga abin da ake tsoro. Hannu da ƙafa su taɓa mota a hankali, don fizga ita ke kayar da ita.

Mu daga Gidan Rumji har Gazawa ba mu da irin wannan fili. Amma ka zauna da tsohon direba a tashar Agye ko ta Cadawa, za ka tarar duk ya san waɗannan, har da ƙari. To a ina ya koya? Ni karatun harshe nake yi, don haka da tambayar ta dame ni, bakin direbobin na fara saurare.

Abin da na lura shi ne, Hausar mota a ƙasar Maraɗi hawa uku ce. Sunayen ƙarafan mota kusan duk daga Ingilishi suka zo: birki, giya, sitiyari, taya, totur, jak, ribas, faci, weji, har shi kanshi direba da bakanike. Abin da ya shafi takarda da hukuma kuwa Faransanci ne: permi, asirans, jandarma, duwan, kontrol, oto-ekol. Wannan kaɗai ya ba mu rabin tarihin, wato ƙarfen ta Kano ya shigo mana, tambarin kuma daga Yamai. Hawa na uku shi ya fi ba ni sha'awa. Idan direba zai faɗi abin da mota take yi a hannunshi, ko abin da shi yake yi mata, sai ya bar Turancin nan biyu ya koma bargar doki. Mota ta ƙwace mishi, kamar yadda doki yake ƙwacewa. Ta yi musu tutsu a hanya. Ya ja birki, kamar jan linzami. Babur hawanshi ake yi, ana goyo a kanshi, kuma kakanninmu da suka fara ganin keke dokin ƙarfe suka ce da shi. Ita kanta kalmar tuƙi ta girmi mota nesa ba kusa ba, don da ita ake tuƙa tuwo, da ita ake tuƙa jirgin ruwa, aiki ne na hannu da ke son natsuwa da maimaici. (Kwana ta hanya kuma, wadda ake sha, bare ce daga Ingilishi, ba ta da dangantaka da kwanan barci, ko da yake wanda ya sha ta da gudu yakan haɗa su biyun.)

Ba abin mamaki ba ne doki ya bar sawu a bakinmu. Ƙasar nan da doki aka kafa ta. Bayan Katsina ta faɗi a 1807, sarakunanta da suka ƙi miƙa wuya sun yo arewa, daga baya suka zauna a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin ƙasar Gidan Rumji. Garuruwan nan biyu sun yi shekaru da dama suna rayuwa a bisa sirdi, kuma wanda bai iya riƙon doki ba ba ya daɗewa. Filin sukuwa shi ne filin tserenmu na farko, kilisa kuma ita ce makarantar. Ku tuna yadda ake zuwa jahi ranar hawan salla: mahayi ya sako doki a sukwane, ya zo daf da sarki ya zame shi. Mai kallo gudun yake gani. Mahayin kuwa tun daga nesa ya auna inda zai fara ja, ya mai da nauyinshi baya, idonshi a kan inda zai tsaya. Ya san ƙasa mai tauri da ƙasa mai rairayi ba tsayuwa ɗaya suke bayarwa ba. Ya san idan ya fizgi linzami a karkace, shi da dokin za su sha ƙasa. Ban ce kowane direba jikan barde ne ba, akasarinsu ma ƴaƴan talakawa ne manoma. Abin da nake cewa shi ne mutanenmu sun riga sun san cewa gwanintar gudu a wurin tsayawa ake ganinta, kuma suna da kalmomin faɗin haka tun kafin su ga taya. Bambanci ɗaya ne babba: doki yana da ido, yakan ƙi rami ko da mahayi ya so. Mota ba ta ƙin komai.

A ƙarshen 1924 ayarin motocin kamfanin Citroën guda takwas, masu sarƙa a baya maimakon taya, ya ratso hamada ya bi ta Yamai zuwa Damagaram, ya yada zango a Tasawa, maƙwabciyar Gazawa, a zamanin Sarki Barmu. Sarƙar nan da aka sa musu ta isa ta gaya muku halin da hanyoyin suke ciki. Hanyoyin da aka share bayan nan kuma, da wuyan kakanninmu aka yi su, ta aikin tilas, kwando a ka, har zuwa 1946 da aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulki. Wannan ma ya kamata mu riƙa tunawa idan muna cikin bas muna sukar ramuka.

Amma abin da ya haifi direba a matsayin sana'a a ƙasarmu gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ga manomin Agye ko na Gangara, Kano ta fi kowace tashar Faransawa kusa. Sai gyaɗarmu ta riƙa gangarawa kudu, da farko a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Cikin shekarun 1950 Faransawa sun yi ƙoƙarin karkatar da wani kaso ta Parakou zuwa Kwatano, a 1962 kuma aka kafa SONARA ta riƙe cinikin, amma hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ba ta taɓa mutuwa ba. Alhazan Maraɗi da yawa a nan suka tashi, kuma wanda ya samu kuɗi mota yake saya. Mota daga kudu, bakanike daga kudu, kayan gyara daga kudu, shi ya sa har gobe muke cewa birki.

Kakar gyaɗa tsere ce ta gaske. Ana buɗe ciniki bayan girbi, kuma dole a kwashe buhunan daga kasuwannin ƙauye kafin ruwa ya sauka ya lalata kaya ya yanke hanya. Yawan sawu, yawan samu. Filin tseren kuwa iri uku ne a hanya ɗaya: rairayin jigawa, burji mai gargada, da laka a inda hanya ta ratsa Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba. Kowanne da karatunshi.

Ƙanen kakana ya yi karen mota a ƙarshen zamanin, kuma shi ya warware mani wannan karatun. A rairayi, in ji shi, tun kana kan tauri za ka zaɓi giyar da za ka shiga da ita, don idan ka tsaya canji a tsakiya, ƙarfin ya yanke, mota ta kafe. A rage iskar taya don ta baje ta hau bisa yashi. Ba a taka birki da ƙarfi, don tayar gaba tana tara yashi a gabanta ta gina wa kanta katanga. Ba a murɗa sitiyari da yawa. Idan kuma an kafe, an haramta ba da wuta, don taya rami za ta haƙa ta zauna a ciki. Sai yara su sauka da shebur, a yanko sabara da kalgo a shimfiɗa, a fita a hankali. Da na ce mishi ai wannan duk akwai shi a littattafan masu tseren hamada, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan lakkol, su a takarda sunka gani, mu ga wuyanmu munka ɗauke shi."

Gargada ita ce ta fi ban tsoro, kuma ita ce ta fi kama da abin da ake koya a filin tsere. Hanyar burji idan motoci sun yi ta bi sai ta yi kunya-kunya a gicciye. Ka bi ta a hankali, mota ta girgiza kamar za ta warwatse. Ka ƙara wuta zuwa wani gudu, sai ta lafa, don tayoyin sun daina faɗawa cikin kwarin, kan tudun kawai suke taɓawa. Daɗin nan shi ne tarkon. Tayar da rabin lokacinta a iska take ba ta riƙe ƙasa, saboda haka birki ya ragu, sitiyari ya yi sako-sako, kuma bayan mota yana neman ya wuce gabanta a kowace kwana. Direban gyaɗa ya san dole ya sauke gudun tun hanya tana miƙe, da giya, kafin kwanar ta zo. Idan baya ya fara zamewa, ya ɗaga ƙafa sannu, ya bi da sitiyari ta wajen da bayan ya tafi, kada ya taɓa birki. Ga lodi an tula sama da bodi, ga fasinja a bisa buhuna, nauyi duk ya koma sama, fizga ɗaya ta isa ta kwantar da gingimari. Wanda ya yi wannan shekara goma bai kayar ba, wallahi ko a Le Mans aka kai shi ba zai ji kunya ba.

Yadda ake shiga sana'ar shi ne abin da nake so mu duba da kyau. Yaro ba ya fara da sitiyari. Yana fara da weji, wato ya diro kafin mota ta gama tsayawa ya sa katako a bayan taya. Ya wanke mota, ya ɗebo ruwan lagireto, ya ɗaure lodi, ya kwance taya ya yi faci a tsakar rana, ya kwana ƙarƙashin mota yana gadi. Shekaru yana bisa lodi yana kallon hanya daga sama, yana jin kukan inji, har ya zan ya san lokacin canjin giya kafin maigidan ya kai hannu. Daga nan a bar shi ya tayar da inji da safe. Sai a bar shi ya gyara tsayuwa a cikin tasha, ya yi ribas. Sai wata rana a dawowa, mota ba kaya, hanya ba kowa, maigida ya matsa ya ce karɓi. Gudu shi ne abu na ƙarshe da ake ba shi, bayan ya san nauyin abin da yake ja da kuma wahalar gyara abin da ya ɓata. Makarantar tana da mugunta, kada mu yi mata kwalliya: akwai duka, akwai zagi, akwai yunwa, akwai maigidan da zai riƙe yaro shekara da shekaru don ya samu bawa kyauta, kuma sunan da aka ba ɗalibin, karen mota, ya isa shaida. Duk da haka jerin darussan daidai yake.

Wani abu da zai ba ku dariya: masu tseren Turai da Amurka su ma da karen mota suka fara. A farkon ƙarnin da ya wuce, motar tsere mutum biyu take ɗauka, direba da bakaniken da ke zaune gefenshi yana duba mai, yana waiwaye yana gaya mishi wanda ke tafe a baya. A 1911, a tseren farko na mil 500 a Indianapolis, wani direba mai suna Ray Harroun ya shiga shi kaɗai, ya ɗaura madubi a gabanshi a madadin yaron, kuma ya ci tseren. Madubin da ɗan kabu-kabu yake kwancewa ranar da ya sayi babur, wai don ya fi kyau, mutum guda ne aka cire aka sa shi.

Akwai kuma darasin da iyaka ta koyar. Nijar hannun dama take bi tun zamanin Faransawa, Najeriya kuwa hagu take bi irin na Ingila, har ranar 2 ga Afrilu 1972 da ta koma dama. Ke nan kusan duk tsawon zamanin gyaɗa, direban da ya tashi daga Maraɗi zai bi dama har iyaka, ya tsallaka ya koma hagu har Kano, ya juyo ya sake canzawa. Ku auna irin farkawar da wannan yake bukata ga mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Mu da muke fama da sauya harshe tsakanin aji da gida mun san abin da ake nufi, sai dai mu idan mun yi tuntuɓe dariya kawai za a yi mana.

Fari na 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya sun karya gyaɗa, amma motoci ba su tsaya ba, kaya ne suka canza. A daidai wannan zamani ne masu tseren Turai suka gano hamadarmu. Thierry Sabine ya ɓata a Tenere a 1977 yana cikin wani tsere a kan babur, da ya tsira sai ya shirya nashi, wanda ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 ya bi ta Agadas da Yamai zuwa Dakar. Shekaru da yawa ana yi, a 2000 aka kwashe su da jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke, daga 2009 aka koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Ni dai ban ga abin da tseren nan ya koya wa direbanmu ba. Rage iskar taya da karatun yashi mun riga su sani, kuma su suna da jirgi mai saukar ungulu a bisa kansu, namu kuwa sai Allah sai shebur. Abin da ya bari a ƙauyukan Afirka da ya ratsa, har da yaran da motocinshi suka take.

Canjin da ya fi taɓa mu kwalta ce. Bayan samun ƴancin kai a 1960, sannu a hankali aka shimfiɗa ta a babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ɗinke mu: Gidan Rumji, Tsibiri, Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa, ta wuce Tasawa. Alheri ce babba, duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibiti ya sani. Sai Fijo 504 ta zo, sai Hiace, sai manyan bas-bas na Yamai. Amma rairayi da gargada malamai ne masu saurin hukunci: ka yi kuskure kaɗan, ka kafe ko ka fasa taya, ka sha rana, ka koyi hankali, kuma kana da rai. Kwalta ba ta tsawatarwa. Tana barin wanda bai iya ba ya yi gudun wanda ya iya, wata da watanni, har ranar da amalanken shanu zai fito daga gona ba fitila. Ga lissafin da ba a gardama da shi. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan daƙiƙa guda ke wucewa tsakanin ido ya gani da ƙafa ta taka. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata sau huɗu yake ninkuwa. Yanzu ku ɗora wannan a kan hanyar da ta ratsa tsakiyar gari ranar kasuwa, da awaki, da ƴan talla, da almajirai.

Sai babur. Tun da na Sin da na Indiya suka yi araha a shekarun 2000, makarantar karen mota ta zama ba dole ba. Yaro ya sayar da rago biyu da buhun wake, ko wani ya saya mishi ya riƙa biya, da hantsi abokinshi ya nuna mishi giya a filin ƙwallo, da la'asar yana ɗaukar fasinja. Ba laifinshi ba ne, aikin yi ne babu, kuma kabu-kabu ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma jerin nan na da ya juye, gudu ya zama darasin farko. Ku tambayi abokanku masu babur, da yawa za su ce muku birkin gaba kayarwa yake yi, ba sa taɓa shi. Alhali idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma a kan kwalta mafi yawan tsayuwar babur daga tayar gaba take zuwa, in dai an matsa a hankali kuma babur yana miƙe. A yashi ne maganarsu take da gaskiya. Sun koyi dokar rairayi sun hau da ita kwalta, ba wanda ya zauna ya rarrabe musu.

Oto-ekol fa? Tana da amfaninta, tana koyar da alamun hanya da wanda ke da hakkin wucewa, abin da tsohuwar makaranta ba ta damu da shi ba. Sai dai a birni take, kuɗinta jikkuna ne masu yawa, littafinta da Faransanci, kuma ba a kai ɗalibi inda mota za ta ƙwace mishi ya ji. Haka muka wayi gari da ilimi biyu da ba sa gaisawa. Ɗaya yana rubuce cikin harshen da akasarin masu tuƙin ba sa karantawa. Ɗayan yana cikin Hausa tsantsa, a bakin tsofaffin da ke zaune a inuwar tasha, ba a rubuce ba, kuma duk shekara ana rage su.

Fili ba shi ne matsalarmu ba, kowane gari yana da filin idi da filin ƙwallo da ke zaune banza mafi yawan mako. Da ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu za su ware safiya ɗaya, a ja layi a ƙasa, a sa yaro ya taho da gudu kaɗan ya tsaya, a auna da ƙafa, ya ƙara gudu a sake aunawa, a yi a kan tauri a yi a kan yashi, da ya ga ninki huɗun nan da idonshi. Kilisa ke nan, ba wani sabon abu ba.

Namu ɓangaren, mu masu biro, shi ne kalmomin. Na fara tara su a wani kaye, na kasa su gida uku kamar yadda na faɗa a sama, kuma gidan doki ne ya fi ƙaranci a wurina alhali na tabbata shi ya fi yawa a bakin mutane. Wanda zai je hutu Cadakori, Saye Sabuwa, Gidan Sori ko Gangara, don Allah ya nemi tsohon direba ko tsohon karen mota, ya gaishe shi da goro, ya ɗauki muryarshi a waya. Ku tambaye shi me suke ce wa mota idan bayanta ya zame, me suke ce wa gudun nan da gargada take lafawa, da sunan da suke ba yashin da ke da ɓawo a sama, ruɓa a ƙasa. Ku rubuta yadda ya faɗa, da Gobirancinshi ko Katsinancinshi, kada ku gyara mishi zuwa Hausar Kano.